Abin Arziki a Gefen Gadon Baba

Ta bayan gilashin ɗakin masu tsananin ciwo, Auta tana kallon wata nas da ba ta san sunanta ba. Gajeriya ce kakkaura, tabarau ya zamo mata kan hanci, dunduniyar takalminta ta cinye ta gefe ɗaya. Tana ɗalle sirinji da farce, tana tura magani cikin ruwan da ake ƙara wa Baba, tana yi masa hira kamar yana jin ta. Auta tana rayawa a ranta cewa matar nan ta yi jinyar nata uban.

Ƙwayoyin cuta ne suka shiga jinin Baba, jinin ya faɗi, ƙoda ta tsaya. Bana Auta ta gama jami'a, amma tun da likita ya ce a haɗa masa da bitamin B1 ta fara cire rai. A gidansu, sai an rasa abin yi wa marar lafiya ake ba shi bitamin.

Nas ɗin ta leƙo. "'Yar Baba, an dasa ki ne a nan? Na ga fuskarki da likita ya ambaci bitamin. Ai shi ɗan rakiya ne, manyan magungunan suna aikinsu. Zo ki ga abin arziki."

Auta ta bi ta ciki. Nas ɗin ta durƙusa, gwiwarta na ƙara, ta ɗago jakar da ke rataye a gefen gado. Fitsari ne ya taru a ciki. Auta ta kau da kai.

"Ajiye kunyar nan sai ya tashi. Ƙodar ce ta fara motsi."

Auta ta juyo a hankali, ta daɗe tana kallon jakar.