Daga Dama Malam Sani Ya Fara

Har gobe ba zan manta da ranar da na kusa zuba aikin shekara uku a bola ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gwajin iri na wani kamfani a Dubai. Alkamar da muke haɗa irinta ta ƙasashen sanyi ce, sai ta sha sanyi take fid da zangarniya. Rana na ƙona mutane a waje, mu muna ciki da rigar sanyi.

Ga yadda aikin yake. Akan yanki ɗan ganye daga kowane tsiro a jefa a faranti mai jerin ramuka, inji ya karanta ƙwayoyin gadonsa, ya nuna wanda ya gaji yawan tsaba da gajarta, don gajeriyar alkama ba ta kwanciya. Sauran a tuge su.

Ran nan shugabarmu, Dakta Huda, 'yar Sudan, ta miƙo min takardar sakamako. "Yalla, maza, Bashir, tuge waɗannan kafin azahar."

Na tuge biyu, hannuna ya ƙi na uku. Ni ɗan Kadawa ne, cikin alkama na yi rarrafe. Waɗanda aka ce in bari dogaye ne zalo-zalo, gajerun kuma su aka yanke wa hukunci. Na koma na faɗa wa Dakta haka, duk da ba a musu da ita.

"Ka fi inji sani ne?" in ji ta.

"A'a, ranki ya daɗe, amma inji bai taɓa shiga gona ba."

Aka kira wanda ya zuba ganyen, Malam Sani, dattijon Kano da muke haya tare a unguwar Al Nahda, mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa. Dakta ta ce ya nuna ramin da ya fara. Ya ɗora yatsa a kusurwar dama, hankali kwance.

"Malam, ai daga hagu inji yake karantawa!" in ji Dakta.

"Hagu? Subhanallahi! Ni in fara abu da hagu? To injin ne ba shi da tarbiyya."

Dakta ta yi dariya har da hawaye, aka juya sakamakon, gajeru suka tsira. Biyun da na tuge muka mayar ƙasa, ba su tashi ba, kuma wallahi abin ya yi min ciwo.

Ku sababbin ma'aikata, inji ba ya ƙarya, amma abin da hannu ya ba shi yake karantawa. Kafin ku tuge, ku tsuguna ku dubi tsiron.