Kwalbar da Za a Binne

Kun san al'adarmu a nan Kentucky: saura wata guda biki ake binne kwalbar giyar burbon a kife a filin taro, wai don kada ruwan sama ya ɓata ranar, sannan ranar bikin a tono ta a sha don amarya.

To, ga wani dattijo ya zo neman kwalbar binnewa a shagon giya na Darlene, hula a hannu, takalmansa duk taɓo. Yana ɗaga kwalabe yana duba launinsu a hasken taga, amma ko kusa da hancinsa ba ya kai su. Ina jin irin wannan kwalbar ce ta taɓa raba shi da iyalinsa.

"Baba, rami fa za ta shiga," in ji Darlene. "Ɗauki mai araha mana!"

"Ta auren 'yata ce."

"Kai! Ashe kai ne mai jawabi ranar."

"Mijin uwarta zai yi. Ni haƙa aka ba ni."

Ya tura wa Darlene mafi tsadar.

"A kife dai, Baba, kar ka manta."

"Ba zan manta ba. Tare mata ruwan sama kaɗai suka bar min."