Ranar da Na Yi wa Ƙasa Guda Binciken Aure

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har da haƙora huɗu, amma Asabar ɗin da na tsare alhazan Ruwanda a ƙofar masallacin Ƙuba ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Ni karatun bokona aji huɗu ne a Kano, sauran a kan dabinon gonakin Al-Awali, a nan Madina, na ƙarasa shi. Autana kuwa injiniyan kwamfuta ne, haifaffen Madina, irin yaran nan da za ka yi wa Hausa su mayar maka da Larabci. Wata rana bayan la'asar ya zauna gabana ya ce zai ajiye aikinsa, ya kwashi ɗan abin da ya tara ya tafi Kigali, babban birnin Ruwanda, su kafa kamfanin manhajar waya da wani abokin karatunsa. Wai harkar fasaha na tasowa a can, masu zuba jari sun fara leƙawa.

Na ce a kawo taswira. Da ya nuna mini wurin sai na gyara tabarau. "Wannan ƙasa ce, ko ƙuda ne ya sauka a takardar?"

Bai yi dariya ba. "Ya abuya, in ba ka sa albarka ba, khalas, shi ke nan, na fasa. Amma wata ɗaya abokina ya ba ni."

Nan wasa ya ƙare. In na hana shi ya rasa rabonsa, ni ne. In na bar shi ya dawo da jaka wayam, ni ne dai. To ban san kwamfuta ba, amma na aurar da 'ya'ya mata uku, kuma ban ba da ko ɗaya ba sai da na tambayi maƙwabtan mijin. Na ce ita ma ƙasar nan binciken aure zan yi mata. Mu a Madina ba ma zuwa duniya, duniya ce ke zuwa mana a bas.

Na haddace launin tutar, na dinga zuwa Ƙuba ina duba jakunkunan masu ziyara. Asabar ta farko na tsare wasu bayin Allah da tambayoyi, ashe 'yan Gabon ne, launin tutarsu ne ya zo ɗaya. Sai a ta uku na dace. Jagoransu ɗalibi ne a jami'ar Musulunci, shi ya yi mana tafinta da wani dattijo sa'ana, manomin gahawa.

Na ɗaure fuska irin ta waliyyi. "Alhaji, ɗana zan ba ku. Kuna da wuta?"

"A birni akwai. Ƙauyenmu ma ta iso."

"Ita fasahar da ake ta faɗa, kai ka gan ta da idonka?"

Ya zaro waya. Ya ce da ita ake biyansa kuɗin gahawa, da ita jikansa ya nema masa takardun hukuma ba tare da ya hau mota ba. Ya ce da surukarsa ta zubar da jini wajen haihuwa, wani ɗan jirgi marar matuƙi ne ya jefo jinin a asibitinsu, ta rayu.

Na ce, "To aibun ƙasar taku fa? Ba amaryar da ba ta da shi."

Ya yi murmushi. "Kasuwarmu ƙarama ce, kuma aljihunmu bai da zurfi. In don mu kaɗai ɗanka zai yi abin, zai sha wahala. Ya yi shi yadda maƙwabtanmu ma za su saya. Kuma ya taho da haƙuri, ba shekara ɗaya ba ce."

Wannan ce ta saye ni, ba jirgin ba. Na koma gida na maimaita wa yaron maganar dattijon, na ɗora masa hannu a ka.

Shekara biyun farko ya rame kamar busasshen dabino. Yanzu manhajarsu ta tsallaka ƙasashen maƙwabta, wasu Larabawa ma sun sa hannun jari, suna kirana Abu Muhandis, wato baban injiniya. Har yau ban gane abin da take yi ba, kuma na daina tambaya.

Abin da na koya shi ne, ko miji ne ko ƙasa, kada ƙanƙantarsa ta sa ka raina shi, kada yabo ya ruɗe ka. Nemi wanda yake kwana a gidan. In ya faɗa maka inda rufin yake yoyo, to ka ba da ɗanka hankali kwance.