Farar rigar aro

Shekarar da aka turo masu tantance kwalejinmu, abinci ma ya yi wuya, balle kayan karatu. Muna shekara ta biyu a sashen koyar da aikin gona, ni da ɗan kawuna. Ƙauyenmu ɗaya a gefen Shanono, kekenmu ɗaya. An faɗa mana cewa idan baƙin nan ba su gamsu da abin da muka koya ba, takardar da za mu fita da ita ba ta da amfani.

Sai kwalejin ta shiga aro. Aka aro littattafai daga birni, aka aro kujeru daga sakandare, har malamai biyu aka aro, masu kyan tabarau. Mu dai dariya muke ta yi, muna cewa saura a aro ɗalibai. Ashe rage mu za a yi.

Malaminmu ya tara mu ya ce baƙin za su riƙa tsayar da ɗalibi su yi masa tambaya da Turanci, kuma mun yi wa ajin yawa. Don haka wasu za su tafi gida hutun girbi na mako guda. Ba mu taɓa jin wannan hutu ba, amma kowa ya gane su wa ake nufi. Ni bakina yana da zaƙi, aka bar ni. Ɗan kawuna kuwa in ya fara Turanci sai gumi ya karyo masa, shi aka sallama.

Bai yi fushi ba. Ya ciro farar rigarsa ya ba ni, ya ce tawa ta yi kama da tsumman goge fitila, kada in kunyata ƙauyenmu. Abu ɗaya ya dame shi. Da ƙyar mahaifinsa ya sake shi ya zo karatu, domin shi ne babba, a gonar kuma ba wanda zai taya mahaifin. Na ce masa mako ɗaya ne kawai.

A gonar kwaleji kowane ɗalibi yana da ɗan filinsa, da turke mai ɗauke da lambarsa. Nawa ciyawa ta cinye rabi. Nasa dawa ce da wake a tsakani, kunya-kunya a miƙe, gwanin sha'awa. Da safen ranar da baƙin za su zo na tarar malam ya sa an cire turkena an kafa a filin ɗan kawuna, a madadin nasa. Ya ce don amfanin kowa ne, har da mai filin.

Baƙin suka iso, wata dattijuwa a cikinsu ta tsaya a kaina. Ta tambayi dalilin haɗa wake da dawa, na zuba mata bayani kamar ni na sha rana a filin. Ta yaba ƙwarai. Ina tsaye cikin rigarsa, a cikin filinsa, ina murmushi. Daɗi na ji a lokacin, kuma wannan daɗin ne ya fi damuna har yau.

Kwaleji ta tsallake. Aka mayar da kujeru da masu tabarau, 'yan hutu suka dawo, ban da shi. Kawu ya ce tunda makarantar da kanta ta turo shi gona, ta faɗi inda ya dace da shi. Malam ya yi alkawarin zuwa ya ba da baki, bai samu lokaci ba.

Da na je gida na same shi a bakin rumbu shi da kawu suna ɗaure dammunan gero. Na miƙa masa rigar a wanke, a goge. Ya ce in riƙe, zan buƙace ta ranar da zan fara shiga aji a matsayin malami.

Sannan ya rage murya don kada kawu ya ji.

"Sun je wajen filina?"

Na ce sun je, kuma babu wanda suka yaba kamarsa.

Ya murza igiyar da ke hannunsa, fuskarsa ta washe.

"To alhamdulillahi. Ko ban koma ba, sun dai ga lambata."

Na ce masa e, sun gani.