Raka'a Huɗu a Bakin Tafki

Sau ɗaya tak gidanmu ya taɓa zuwa bakansi, wato yawon hutu, kuma ko shi ɗin ba don jin daɗi aka shirya shi ba. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya lokacin, a shekarar da aka ce mutanen Zango su tashi za a rushe unguwa. Maƙwabta sun fara ciro ƙofofi da kwanon rufi don su tafi da su sabon fili a bayan gari. Baba ya kasa gaya wa mahaifiyarsa cewa layi ya zo kanmu. Kaka ta shigo Wagadugu daga Nijar tana amarya, kuma ɗakin da take kwana mijinta ne ya gina shi da hannunsa. Duk wanda ya kawo mata zancen tashi, sai ta ce surutun rediyo ne.

Baba direba ne, yakan kai nasara yawon buɗe ido can yamma, wani tafki a tsakanin duwatsu, tafiyar yini guda. Da damina ba mai zuwa, sai mai gadin wurin ya ba shi aron bukka biyu. Ya ce wa Kaka: "Inna, kwana uku ne kawai, ki raka yara su sha iska kafin a koma karatun lakwal." Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki butarta da tasbaha. Ya sauke mu, ni da ita da ƙannena mata biyu, ya juya da safe ya ce aiki na jiransa. Ni kaɗai ya ja gefe ya gaya wa gaskiya, ya ce in kama bakina. Har yau ina jin haushin wannan, don kayan sun fi ƙarfin wuyana.

Wurin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Rabin tafkin ciyawa ce da bado, duwatsu sun kewaye shi, da asuba hazo kan kwanta a kan ruwa. Mai gadi yana ɗaukarmu a kwalekwale mu jefa ƙugiya, mu hau dutse mu dawo da ƙafafu duk ƙaya. Ƙannena suna ta tsalle. Ni kuwa ko dariya na yi sai in tuna ana can ana kwance rufin ɗakin Kaka. Ga sauro kamar an aiko su musamman.

Kaka ba ta shiga kwalekwale ba ko sau ɗaya. Ta ce ita da ruwa sai a buta. Sallarta kuma ƙasaru take yi, wato raka'a biyu maimakon huɗu, irin ta matafiyi da bai yi niyyar zama ba. Kwana uku suka zama biyar, suka zama tara, tana nan a kan biyunta. Kullum bayan magariba sai mu hura wuta mu zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, ita kuma ta miƙe ƙafa ta buɗe tatsuniya da cewa: "Ga wata nan tahe, ku matsa mata wuri."

Ranar kwana na goma Baba ya zo da shinkafa da sabulu. Ya rame, tafin hannunsa duk yankan kwano, ya ɗaure da tsumma. Kaka ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce Shofer, wato direba.

"Shofer, gida lahiya?"

"Lafiya lau, Inna. Kowa na gaishe ki."

"Hannun fa?"

"Murfin mota ne."

Ta ce Allah shi kiyaye gaba. Ya jingina da bangon bukka, kafin wuta ta kama sosai barci ya kwashe shi a zaune, baki buɗe. A nan ta ba mu tatsuniyar da ban taɓa ji daga bakinta ba, ban kuma sake ji ba.

Wai wata tsohuwar agwagwar ruwa ce fiffikenta ya mutu, tana zaune cikin ciyawar da aka haife ta. Rannan ɗanta ya hango gobara tafe daga nesa, sai ya ce mata ana bikin bado a wani tafki, ya goya ta ya kai ta can. Kullum sai ya tashi ya je ya dawo, ta tambaye shi gida, ya ce gida na nan yadda ta bar shi. Ita kuwa tana jin ƙaurin hayaƙi a gashinsa. Sai ta ce madalla, ta gyara masa gashin da bakinta, ta tambaye shi ko an ci gaba da bikin gobe.

Ƙaramarmu ta ce: "Kaka, to me ya sa ba ta ce masa ta gane ba?"

"Ya gaji, ɗiyata. In ta hwaɗi, sai shi ɗauki kukanta shi ƙara bisa gajiyarshi."

"Daga nan fa?"

"Daga nan babu. Nan wutsiyarta ta tsaya, ku tashi ku yi isha'i."

Ƙannena suka ce wannan ba tatsuniya ba ce, ba kura ba waƙa. Ni dai na sunkuyar da kai ina tsokanar wuta da kara.

Washegari Baba ya koma. Da la'asar ina zaune bayanta ina tsince shinkafa, sai na ga ta yi zaman tahiya ta sake miƙewa. Na ƙirga, huɗu cif. Da ta sallame na ce: "Kaka, kin manta, mu matafiya ne."

Ta naɗe dardumarta a hankali. "Ban manta ba. Ƙasaru ta wanda ke da gidan komawa ce." Ta dube ni, ta ƙara da cewa: "Ke kuma ki sauke abin da aka ɗora miki, ki tai ki yi wasa. Amma kar ubanki shi ji."

Ban san ko malamai za su yarda da wannan fatawa tata ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai san na shiga bayan bukka na yi kuka har na gode Allah, kuma daren nan ne na fara barci sosai tun zuwanmu.

Bayan kwana huɗu aka kai mu sabon fili, ɗaki biyu ba filasta, ba itace ko ɗaya. Baba ya durƙusa gabanta yana kame-kame, ita kuma ta yi salati ta riƙe baki kamar yanzu ta fara ji. Shekara uku ta yi a can ta rasu.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne a yi haƙuri da ƙaryar da aka yi don tausayi. Yanzu da nake da nawa 'ya'yan, na kuma san irin gajiyar da ke sa mutum barci a zaune, na gane mu duka mun zaci muna lallaɓa tsohuwa ne, alhali ita ke lallaɓa mu. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar tuƙi. In zancen Zango ya taso yakan ce abu ɗaya ya yi daidai a rayuwarsa: ya ba Inna sati biyu na kwanciyar hankali kafin ta sani. Sai ya juyo wajena ya ce: "Ko ba haka ba?"

Nakan ce: "Haka ne, Baba."