Kaset ɗin da babu magana a cikinsa

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a wani ɗan shago a Bodinga inda nake haɗa wa mutane shafin intanet, wani abokina tela daga Shagari ya sauke mini buhun kaset na marigayi mahaifinsa. A zamanin Jamhuriya ta Biyu, da rayuwa ta yi tsanani, maza suka watsu cirani Kudu. Wanda bai iya wasiƙa ba sai ya yi magana a kaset, a ba direba ya kawo. Mahaifin abokina ne mai rakoda, wurinsa ake zuwa saurare, a kuma bar masa ajiya.

Muka juye su, na ɗora a shafi. Saba, wato kwamfutar kamfani mai ɗaukar shafi, mai araha na kama, irin wadda ake haɗa shafuka da yawa a ciki, kamar gidan haya mai banɗaki ɗaya. Na ɗauka mutum goma ma ba za su leƙa ba. Ashe na raina abin. Mutanen Kajiji da Horo Birni suka ji labarin ana jin muryar iyaye da kakanni a waya, shafi ya cika har yana sumewa. Kamfanin suka rubuto cikin ladabi cewa mun danne maƙwabta, mu nemi saba tamu ta kanmu. A lokacin ruwan damina ya riga ya lalata buhun kaset ɗin, kwamfutar da muka yi aikin da ita kuma ta mutu. Abin da ke kan saba shi ke nan.

Ranar ƙaura sai iyayin nawa ya motsa. Na ce ba a shiga sabon gida da tarkace. Duk fayil ɗin da na buɗe na ji shuuu babu magana, sai na bar shi a baya. Na kwashe sauran, na rufe tsohon wurin, na sayi tsire na yi wa kaina barka.

Ranar Juma'a bayan an sauko, abokina ya kira, muryarsa wani iri.

"Kai, taho yanzu. Ga wata inna nan daga Lambara, ta ce mun ɓadda mata maigida."

Na same ta zaune a tabarma cikin shagonsa, 'yar tsohuwa tsaf da ita. Na durƙusa na gaishe ta. Ashe duk Juma'a maƙwabciyarta ke kunna mata kaset mai lamba arba'in da ɗaya a waya, yau kuwa an nema an rasa.

Na ce, "Inna, ai wanga babu magana ciki nai."

Ta ce, "Awo, ɗana. Shi mutum na mai kunya. Anka aje mai rakoda gaban mutane, mi za shi ce ma matatai? Zama yay yi har kaset yaƙ ƙare. Daga wagga tahiya bai komo ba."

Nan na gane yana cikin waɗanda na bari a baya. Amma maimakon in faɗi gaskiya, sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na tuna akwai wani kaset da ya yi shiru mai tsawo kafin a fara magana. Na yanko shirun a wayata, na sa mata abin ji a kunne, a raina ina cewa shuuu ai duk shuuu ne.

Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta cire. Ba ta yi faɗa ba, kallona kawai ta yi.

"Wanga ɗaki babu kowa ciki."

Rana tsaka ce, ana ta hayaniyar babura a waje, amma tsigar jikina ta tashi. Abokina ya tsayar da keken ɗinkinsa.

Kwana uku ina roƙon tsohon kamfanin da Turancina mai ɗingishi. Allah ya taimake ni ba su kai ga goge ajiyarsu ba, suka turo. Na saurara ni kaɗai tun daga farko, ban ji bambancinsa da na ƙaryar ba. Da tsoro na hau mota zuwa Shagari, don idan ta ce ba shi ba ne, ba ni da wani wurin nema.

Aka kirawo innar shagon abokina, ta sa a kunne. Can sai ta gyara lulluɓi, ta sunkuyar da kai, ta ɗan juya gefe yadda matan da ke yi idan maigida ya shigo. Muka zauna kusan rabin awa babu mai motsi. Sai ta ɗaga yatsa ta ce a hankali, "Nan za shi yi ajiyar zuciya." Daga baya kuma ta amsa, ba da mu take ba:

"Lahiya lau muke. Ɗiyan duk sun girma."

Da ya ƙare ta sa mini albarka, ta hau babur ta tafi. Maganar ƙaryar da na yi mata ko sau ɗaya ba ta tayar ba, wannan ya fi mini zafi a kan zagi.

Tun daga ranar ban sake yanke wa kayan wani hukuncin cewa tarkace ne ba. Idan zan yi wa shafi ƙaura, komai nake kwashewa, mai shi ya zaɓa. Lamba arba'in da ɗaya kuwa na ƙara masa ƙara da duk manhajar da na sani, ban taɓa jin ko numfashi ba. Amma ba na iya kunna shi ina kishingiɗe. Sai na tashi zaune, kuma sau da yawa sai na ji bakina ya riga ni yin sallama.