Malam Ilu Mai Koma da Baƙin da Ya Yi Ta Jira

Ranar Laraba da hantsi ina zaune a rumfar karatun manya, muna bitar yadda ake buɗe wasiƙa, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin rumfar, ko kashe moto bai yi ba, ya ce a faɗa wa Sakatare cewa Malam Ilu Mai Koma ya cika. Ni ne Sakataren. Masuntan unguwarmu ta bakin tafki suka ɗora mini wannan nauyi tun da na fara iya haɗa baƙaƙe. Na ajiye alƙalami, na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na nemi takalmina. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Marigayin ɗan wan mahaifina ne, kuma a hannunsa na koyi su, wato kamun kifi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa har ya bar duniya Yaya nake ce masa. An shawarce ni da cewa a rubutu irin wannan alheri kaɗai ake faɗa. Zan faɗi alherinsa, domin yana da yawa. Amma akwai magana guda da ta tsaya tsakanina da shi, wadda ta shafi abincin gidaje masu yawa a Madarunfa, kuma idan na binne ta tare da shi na ci amanar waɗanda suka aike mu.

Yaya Ilu mutum ne da bai iya wuce mutum ba. Daga ƙofar gidansa zuwa inda yake ɗaure kwalekwale tafiya ce kaɗan, amma sai rana ta ɗaga bai isa ba, saboda gaisuwa. Zai tambayi lafiyarka, da ta iyali, da ta tsohuwarka, da ta ɗan da ya tafi cin rani, kuma sai ya tsaya ya ji amsa. Idan na ce masa kifi ba ya jiranmu, sai ya ce: “Wanda ban tambayi gidanai ba, ban san da wa nike magana ba.” Haka kuma ba a yin suna ko aure ko rasuwa daga nan har Gabi da Sarkin Yamma bai je ba, ko da a amalanken jaki ne, kuma ba ya zuwa sai da ƙunshin bandar kifi a hannu. A wurinsa biki abu ne da ake ramawa: ka zo nawa, in zo naka. Da wannan ya rayu, kuma da wannan ya ɓata mana damar da ba mu taɓa samun irinta ba.

Ga matsalar da muke ciki. Mashigar da ruwan gulbi yake bi ya faɗa ɓangarenmu na tafki ta cika da yashi. Kowace damina muna kwasa da shebur, kowace damina ya dawo fiye da da. Ruwa ya ja baya, tarwaɗa da karfasa sun yi ƙaranci, samarinmu suna ajiye taru suna tsallaka iyaka neman abin yi. Aikin ya fi ƙarfin hannu, sai babbar mota mai haƙa.

Ana cikin haka Hadiza, ’yar ƙanwar marigayin wadda ta yi karatun sinima a Yamai, ta zo da kamera ta ɗauki kawunta yana aikinsa. Fim ne gajere, kafin shayi ya dahu ya ƙare. Ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, sai ga ta ta dawo da labarin cewa an zaɓe shi a wani bikin gajerun finafinai na ƙasashen duniya da ake yi a wani birni na Turai, kuma masu bikin suna son ganin mai komar kamun kifin da idonsu. Yaya Ilu ya ce ba ya tafiya ba ɗan rakiya. Masunta suka zauna, suka ce Sakatare ya raka shi, kuma idan Allah Ya sa aka ba su bakin magana a gaban manyan mutane, su faɗi zancen mashiga. Hadiza ta tabbatar mana cewa a irin wannan taro akwai masu hannu a ƙungiyoyin da ke taimakon ruwa da noma. Na zauna na tsara jawabi. Shi ne rubutu mafi tsawo da na taɓa yi a lokacin, kuma malaminmu na karatun manya ya duba shi bai sami gyara ba sai a wuri biyu.

Tun a shirin kaya muka fara saɓani. Na tarar ya cika rabin jakarsa da bandar tarwaɗa, zaɓaɓɓiya, wadda matarsa Yaya Mariyama ta gyara da kanta. Hadiza ta ce: “Kawu, ba za su bari ka shiga da wannan ba.” Ya ce: “Ke ɗiyata, bikin mutane za ni. In tahi in zauna in ci abincinsu ba gudunmawa?” Na goyi bayan Hadiza da hujjoji, bai ko dube ni ba. Da muka sauka daga jirgi, ma’aikatan da ke binciken kaya suka buɗe jakar, suka toshe hanci, suka kwashe kifin duka suka zuba a wani babban bokiti. Marigayin ya tsaya yana kallon bokitin kamar wanda aka yi wa rasuwa. Abin da ya ce kawai shi ne a tambaye su ko su za su ci, domin in za su ci ya yafe. Aka ce ƙonawa za a yi.

Dole in yi wa masu bikin adalci: sun karrama mu. Sun ba mu ɗaki mai ɗumi da riguna masu kauri, sun rataya mana wasu katuna a wuya da muke shiga ko’ina da su. Mun ga finafinai daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, wasu na zane, wasu babu mai magana a cikinsu daga farko har ƙarshe. Ni na zauna na kalli kowanne da natsuwa, domin wakilci aka aiko ni. Yaya Ilu kuwa da an kashe fitila sai barci, da an kunna sai ya tashi ya bi layin kujeru yana ba mutane hannu. Ranar da aka nuna namu, da hotonsa ya fito yana tura kwalekwale, ya juyo ya ce mini da ƙarfi: “Sakatare, dubi inda ruwa yake bara.” Na ce masa wannan ita ce maganar da muka zo da ita, ya riƙe ta da kyau.

Ranar rufe biki aka tara kowa a babban zaure domin raba kyaututtuka. Hadiza ta gargaɗe mu cewa duk wanda aka kira ɗan lokaci kaɗan ake ba shi, da ya cika sai a saki kiɗa, mikoro, wato abin magana, ya mutu. Muka yi shiri a kan haka: idan an kira mu, ita za ta yi godiya a taƙaice, Yaya Ilu ya ce Allah Ya saka, ni kuma in karanta jawabi tana fassarawa. Na maimaita masa har sau uku. Ya ce ya ji.

Aka kira mu. Fim ɗin Hadiza ya ci kyautar wanda ya fi nuna rayuwar mutane ta gaskiya. Muka hau, aka miƙa mata wani abu na gilashi mai nauyi, ta yi godiyarta kamar yadda aka tsara, ta miƙa wa kawunta mikoro. Ni ina gefensa, takarda a buɗe.

Sai ya yi sallama, ya tsaya yana jiran a amsa. Da Hadiza ta bayyana musu, wasu suka amsa yadda suka iya. Ya ce: “Ina gajiyarku?” Ta fassara. “Ina iyali? Yaya kuka baro gida?” Ta fassara. “Yaya sanyin ga da kuke hama da shi?” Zauren ya ɗauki dariya da tafi, shi kuwa da gaske yake yi. Na taɓa gwiwar hannunsa, na ce: “Yaya, mashiga.” Ya ce: “Bari in gama da mutane.” Ya gai da shugabar bikin, wata dattijuwa mai furfura, ya tambayi jikokinta. Ya ba da haƙuri cewa ya zo da gudunmawa an karɓe a hanya. Daga nan ya ce tun da sun kira shi bikinsu ya zo, to shi ma yana gayyatarsu gaba ɗaya Madarunfa ranar bikin buɗe su a tafki bayan kaka. Dattijuwar ta ɗora hannu a ƙirji ta ce lalle za su zo. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Aka saki kiɗa. Na ɗaga takardata na fara karanta layin farko, amma ko ni ban ji muryata ba.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan a masauki. Na ce: “Yaya, gidaje nawa suka zuba mana ido? Ka tsaya tambayar jikokin matar da ba ka taɓa gani ba, ka bar ruwan da jikokinka za su ci abinci da shi?” Ya bar ni na gama. Sannan ya ce: “Sakatare, kai ka iya rubutu, amma ka ji. Na shigo gidan mutane hannu wohi, sun ba ni ci, sun ba ni sha, sun tashi tsaye sabili da ni. Kuma in buɗe baki in ce ku ba ni? In sun zo namu, mun shimfiɗa musu tabarma, sun ci sun ƙoshi, sai in kama hannun tsohuwar nan in kai ta ta ga yashin da idonta.” Hadiza ta ce: “Kawu, su fa haka suke cewa kowa. Magana ce ta ladabi.” Ya ce: “Tsohuwa mai jikoki ta dahe ƙirji gaban jama’a ta yi ƙarya? Ke dai yarinya ce.”

Muka dawo. Masunta suka tarye mu, suka tambayi yadda aka yi da saƙo, ni aka bar wa bayani. Shi kuwa ya shiga shirin baƙi. Ya yi wa ɗakin zaurensa sabon yaɓe, ya sayi tabarmi, ya ware rago ya ce na baƙi ne, ko da Sallah ta zo bai bari an taɓa shi ba. Na roƙe shi ya bar Hadiza ta aika musu da jawabin ta waya, ya hana, ya ce ba a tarar baƙo da kuka tun bai sauka ba. Na ce to ta tuna musu da ranar. Ta aika, suka amsa da gaisuwa mai daɗi da hoton da muka ɗauka tare. Ranar buɗe su ta zo, ba wanda ya zo daga cikinsu. Ya ce wataƙila rasuwa aka yi musu. Shekara ta juyo, aka sake buɗewa, ya sa babbar riga ya zauna a bakin hanyar Maradi har la’asar. A wannan rani ne ɗansa Lawali ya jingine kwalekwale ya tafi Katsina dako. Ko wannan bai sa ya sassauta ba.

Da ciwo ya kwantar da shi na je duba shi. Sai da ya gama tambayar gidana kaf, da numfashinsa da ƙyar, sannan na ce: “Yaya, ba za su zo ba.” Ya ce: “Ni dai ban iya roƙonsu, kuma ina raye ba a yi da sunana. In na kau, kai Sakatare ne, ka san abin da ka koyo.” Ban sake samunsa cikin hayyacinsa ba.

Saboda haka, da izinin da ya bar mini, ina magana da ku masu bikin, kuma Hadiza ta yi alkawarin juya wannan rubutu zuwa harshenku ta aika muku. Mutumin da kuka miƙe wa tsaye ya rasu yana jiranku. Ruwan da kuka gani a fim kuka yaba, yanzu a wurin akuyoyi ke kiwo. Mashigarmu tana bukatar motar haƙa kafin damina ta faɗi, idan ba haka ba sauran samarin ma za su tafi. Idan ba ku da hali, ku miƙa maganar ga masu hali, kuma ku ba mu amsa ko ta a’a ce, domin mu san inda za mu nufa. Wannan shi ne abin da aka aike mu mu faɗa, na kuwa faɗa.

Ya Allah, ga bawanKa Iliyasu ya zo gare Ka. Ka karɓe shi da rahama, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya zumuncin da ya yi ta wahala a kansa a cikin mizaninsa. Ka ba Yaya Mariyama haƙurin wannan rashi, Ka raya ’ya’yansa da jikokinsa cikin rufin asiri, Ka dawo da Lawali gida ya sami abin yi a ruwan ubansa. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.